Dodon da ke da uwa: yadda mai jan wasa zai tsara maƙiya a wasan labari

Duk wanda ya ɗauki nauyin jan wasan labari irin su Dungeons & Dragons, ko ba daɗe ko ba jima sai wani ɗan wasa ya tsare shi da tambaya: su ork da goblin ɗin nan, dodannin wasan masu siffar mutane, da muke ta sara, haka aka halicce su mugaye, ko akwai na kirki a cikinsu? Kada ka bari tambayar ta riske ka a tsakiyar faɗa, takobi a sama, kowa ya zuba maka ido. Ka yanke hukuncinka tun kafin a shimfiɗa tabarma. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda nake yi a soron gidanmu da ke cikin birni, inda muke haɗuwa ran Asabar bayan sallar isha'i.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan kamar tatsuniya ce da masu sauraro suke shiga cikinta. Mutum huɗu ko biyar, kowa da jaruminsa rubuce a takarda, ƙarfinsa kaza, wayonsa kaza, makaminsa kaza. Mutum ɗaya shi ne mai jan wasa, shi ke faɗin abin da ke gaban jarumai, shi ke magana da bakin sarki da ɗan dako da dodo. In ɗan wasa ya ce zai haura ganuwa, sai ya jefa ɗan lido mai fuska 20, lambar da ta fito ta nuna ko ya haura ko ya faɗa kududdufi. Ba a sa kuɗi, ba caca ba ce. Duk da haka akwai waɗanda ba sa son taɓa ɗan lido saboda hadisin da ya zo kan wasan nardu, kuma ban ga abin jayayya da su ba: a rubuta lambobi a 'yan takardu, a zuba a hula, a riƙa zara. Taswirarmu bayan tsohuwar kalanda ce, jarumai murafen lemo, maƙiya ƙwallayen dabino.

Littafin dokokin wasan ma bai tsaya wuri ɗaya ba

Wasan Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974, aikin Gary Gygax da Dave Arneson. Tun bugun farko an kasa halittu sansani uku: masu bin doka, 'yan ba-ruwanmu, da masu hargitsi. Daga baya aka ƙara ma'aunin kirki da mugunta, gidaje suka zama tara, kowane dodo aka liƙa masa nasa. A littafin dodanni na 1977 ork mugu ne mai bin doka da oda. Da aka zo bugu na uku a shekarar 2000 sai ya koma mugu mai hargitsi, aka kuma shiga rubuta "kullum" ko "galibi" kusa da halin kowace halitta. A watan Yuni na 2020 kamfanin Wizards of the Coast, wanda wasan ke hannunsa tun 1997, ya sanar cewa zai riƙa nuna ork a matsayin al'umma mai na kirki da na banza kamar kowace. A littafin 'yan wasa na 2024 ork yana cikin jinsunan da za ka zaɓa ka zama. Pathfinder, babban kishiyar wasan, ya sa goblin cikin jaruman sahun farko a 2019, ya kuma soke ma'aunin halin ɗungurungum a 2023. Hatta Tolkien, marubucin nan na Ingila wanda daga labaransa aka aro ork, abin ya tsaya masa a rai: a wata wasiƙa ta 1954 ya ce saura kaɗan ya rubuta cewa ba su da sauran gyara, sai ya ga hakan wuce gona da iri ne.

Saboda haka in wani ya ce maka "ai haka littafi ya ce", tambaye shi wanne daga ciki. Hukunci naka ne.

Gwajin da nake yi wa kowace halitta

Tambaya ɗaya ce: tana da uwa? Wato ana haifarta, ana goya ta, tana da harshen da take magana da shi, tana saye da sayarwa, tana binne mamatanta? In amsar eh ce, to a wasana mutum ce, ko da haurenta ya kai tsawon yatsa. Tana da zaɓi. Za ta iya aikata ta'asa, har sunanta ya ɓaci a ƙasa bakwai, amma ta'asar aikin hannunta ce, ba a nono ta sha ba. Ork da goblin da sauran masu gari da sarki duk nan suka faɗo.

In kuwa babu uwa, magana ta canja. Ƙwarangwal da matsafi ya tayar daga kushewa, gunkin dutse da aka ɗora wa umarnin tsare ƙofa, inuwar da ke shan ran matafiya. Ba su da yara, ba su da kasuwa, ba wanda zai yi musu zaman makoki. Waɗannan a sare su babu waiwaye. Kada ka raina amfaninsu. Mutumin da ya wuni yana ciniki a Kantin Kwari ko yana gyaran waya a Farm Centre, wani daren ba muhawara ya zo yi ba, so yake ya jefa ɗan lido ya ji an ce kai ya fita. Haƙƙinsa ne, ka tanadar masa abokin gaba da ba ya buƙatar dogon tunani. Kashi na uku dabbobi ne, manya da ƙanana: yunwa ce ko tsaron 'ya'ya ke sa su kai hari, ba mugunta ba, kuma in aka jefa musu nama ko aka kauce wa raminsu an rabu lafiya.

Wannan rabon ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaron Islamiyya ma ya san aljanu ba hali ɗaya gare su ba. A Suratul Jinni, aya ta 11, su da bakinsu suka ce a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. Halitta ce daban da mu, wadda ake jin tsoronta, amma ba a yi mata kuɗin goro ba. Sannan ka duba labaranmu na gida. Dodon tatsuniya shi kaɗai ne tilo, yana da ramin da yake kwana, yana ƙulla alkawari da mutane, yana zuwa karɓar abin da aka yi masa alkawari. Macijin rijiyar Kusugu a Daura guda ɗaya ne, shi ya hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, shi aka kashe. Ba a ce a bi duk macizan ƙasar a ƙarar ba. Mugu a labarinmu yana da suna da wurin zama. In ka riƙe wannan ka riƙe rabin aikin.

Akwai masu zama a kan iyaka, irin su nol, mai jikin mutum da kan kura. A bugun 2014 an ce asalinsu kuraye ne da suka bi wani sarkin shaiɗanu suna cin ragowar abin da ya kashe har suka rikiɗe. In ka ɗauki wannan, sun shiga gidan marasa uwa ke nan. Ni na fi son in ba su uwa, don ba na iya ganin kan kura ban tuna Kurar tatsuniya ba, ga haɗama ga tsoro, kullum Gizo yana yi mata wayo. Nol ɗina ana iya sayensa da cinyar rago, ana iya razana shi da ƙarar ganga. Kowanne ka zaɓa daidai ne, sai dai ka tsaya a kansa. Kada yau su zama shaiɗanu gobe a tarar da su suna rawar suna.

Faɗa wa 'yan wasa tun ranar farko

Zaman farko ba a wasa, hira ake yi ana shan shayi ana cike takardun jarumai. A nan nake cewa: "A duniyar nan duk mai magana ana iya magana da shi. Wanda ba ya magana, ko wanda ya tashi daga kabari, ku sare shi." Jimla biyu, sun wadatar. A nan kuma nake tambaya ko akwai abin da wani ba ya so a kawo. A wurinmu an yarda ba a kiran sunayen iskokin bori, ba a kwaikwayon karatu ko addu'a ta gaskiya a bakin matsafi. Sihirin wasa na wasa ne, da sunayen da muka ƙirƙira.

Ba su dalilin faɗa

Nan ne aikin yake. Cire mugunta daga jini ba ya nufin a daina faɗa. Ai yaƙe-yaƙen da suka sa aka kewaye Kano da ganuwa ba da dodanni aka yi su ba, da mutane aka yi, a kan hanyar fatauci da haraji da bayi da sarauta. Irin waɗannan dalilai za ka ba maƙiyanka.

Ga misalin da na gina. Birni ne mai ƙofofi da marina da babbar kasuwa, arzikinsa ya dogara da ayarin gishiri da kanwa da ke zuwa daga arewa. Shekara biyu ke nan ork na duwatsu suna tare ayari. Sarki ya kira jarumai ya ce a kawo masa kan shugabansu. Abin da 'yan wasa suka sani ke nan a daren farko, kuma ya isa su ɗaura sirdi.

Abin da ni na rubuta a bayan takardata kuwa ya fi haka. Tun zamanin kakan sarki akwai yarjejeniya: kowane ayari zai ajiye mangul goma na gishiri a bakin mashigi, ork kuma su tsare hanya su nuna rijiyoyi. Wani madugu mai uwa a gindin murhu ya daina biya, ya ɗauki 'yan haya masu baka, sauran madugai suka bi sahunsa. Gishirin nan da shi ork ke adana nama na rani da shi dabbobinsu ke lasa. Sai na kasa su gida uku. Akwai sabon sarkin yaƙinsu, wanda ya hau mulki da kashe yayansa, ya ɗanɗana ganima ya ji daɗi, ko an dawo da gishirin ba zai daina ba. Shi mugu ne na gaske, ya ƙone ƙauye da mutane a ciki, kuma ban nemar masa uzuri ba. Akwai tsofaffi masu riƙe da igiyar ƙulle-ƙullen da aka lissafa tsohuwar yarjejeniya a jikinta, su so suke a koma yadda ake. Sai mafi yawa, makiyaya da maƙera da mata masu jima, waɗanda ke bin duk wanda ya ciyar da su.

Da wannan shafi guda ka samu wasan wata da watanni. Mai son faɗa zai samu, domin sarkin yaƙi da dakarunsa ba sa jin lallashi. Mai son siyasa zai nemi tsofaffi. Mai son tone-tone zai gano madugun, ya dawo birni ya tarar abokin gabarsa na zaune a fada da babbar riga.

Sai ka ba 'yan wasa alamar gane wanda za su sara, alamar da mutum ke ɗauka da hannunsa. Dakarun sarkin yaƙi na shafa jar ƙasa a goshi suna rataya ƙaho. Ork ɗin da ba shi da wannan, makiyayi ne ko ɗan aike. Launin fata da tsawon haure ba sa gaya maka komai.

'Yan lido biyu na gida

Tsofaffin dokokin wasan, irin na bugun 1981, suna da dabara biyu da aka yi sakaci da su daga baya, kuma 'yan lido biyu na gida masu fuska shida sun ishe ka. Ta farko: in jarumai suka yi kiciɓis da wasu halittu, kafin kowa ya zare makami ka jefa biyun ka haɗa. In 2 ta fito, hari nan take. Daga 3 zuwa 5, suna huci, ƙiris ya rage. Daga 6 zuwa 8, suna shakka, suna jiran su ga take-takenku. Daga 9 zuwa 11, ba za su kai hari ba, za su saurari tayi ko su wuce. In 12 ce, sun karɓe ku hannu bibbiyu. Ka lura 6 da 7 da 8 su suka fi fitowa, wato kusan rabin haɗuwa da kallon-kallo take farawa. Abin da jarumai suka faɗa a wannan ɗan tsakanin shi ke yanke sauran.

Ta biyu ita ce ƙarfin zuciya. Kowace ƙungiya ka ba ta lamba tsakanin 2 da 12. In na farkonsu ya faɗi ka jefa, in rabinsu sun faɗi ka sake jefawa. Abin da ya fito in ya haura lambarsu, sun watse ko sun miƙa wuya. Goblin nake ba 7, dakarun jar ƙasa 9, ƙwarangwal 12, don shi ba ya gudu har abada. Wannan kaɗai na koya wa 'yan wasa bambancin mai rai da marar rai ba tare da ka yi musu wa'azi ba.

Kada ka ɗinka musu rigar wata ƙabila

Wannan ita ce gargaɗin da na fi matsawa a kai. Dalilin da ya sa maganar halin ork ta yi zafi a Turai da Amurka shi ne, siffofin da aka daɗe ana ba ork, wato ƙarfi ba hankali, son jini, zaman daji, su ne dai waɗanda 'yan mulkin mallaka suka riƙa liƙa wa mutanen da suka mamaye, har da mu. A wani littafin wasan na 2016 duk wanda ya zaɓi zama ork sai an rage masa maki biyu na basira, daga baya kamfanin ya soke wannan.

Mu ma muna da namu tarkon. Mai jan wasa na neman muryar da zai yi wa goblin, sai ka ji ya karkata harshe ya kwaikwayi Hausar wani da yake ji a Sabon Gari, ko ta mutanen ƙauye, kowa ya fashe da dariya. Ko ya ba maharan duwatsu sanda da malfa da shanu, a wannan zamani da kowa ya san abin da ake fama da shi a dazuka da irin kuɗin goron da ake yi wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Kada ka yi. Barkwancin Kanawa da Zagezagi ko na Fulani da Barebari yana da daɗi ne don kowa na ramawa, kuma an tashi ana dariya. Wanda ka mayar dodon da za a kashe ba shi da bakin ramawa. In kana son murya, canja sauri da kauri: ork ɗina a hankali suke magana, ba sa gaisuwa, suna kiran kowa da sana'arsa. In kana son al'ada, haɗo daga wurare masu nisa da juna ka ƙara naka, har ya zama ba wanda zai nuna da yatsa ya ce su wane ne.

Fursuna da yara

Wani sanannen labarin wasan da Gygax ya rubuta a 1979 ya sa mata da yara a kogunan dodanni, kuma tun lokacin masu wasa ke gardamar abin da ya kamata jarumi ya yi da su bayan an gama da mayaƙa. Shawarata: kada ka kafa wa 'yan wasanka wannan tarko. Ba daidai ba ne ka ce musu su sara, sun sara, sannan ka ɗaga labule ka nuna jarirai don ka sa su jin kunya. In akwai yara a wurin, a ji kukansu ko a ga shanyar kayansu tun daga nesa, kafin a zare takobi.

Fursuna kuwa ka sa ya zama mai amfani. Wani dare jarumai suka kama goblin ɗan leƙen asiri. Abokina mai riƙe da jarumin gatari ya ce a gama da shi a wuce, dare na yi. Ɗan yayata, wanda shi ne ƙarami a cikinmu, ya ɗaga murfin lemonsa ya ajiye tsakanin gatari da ƙwallon dabinon.

"Kawu, me ke cikin jakarsa?"

Na ce busasshen nama, da wuƙa, da wani karan dawa mai tsage-tsage goma sha biyu.

"Tsagen mene ne?"

Na ce ya tambaye shi mana. Da aka tambaya, ashe lissafin awakin da sarkin yaƙi ya ƙwace wa garinsu ne, kuma an riƙe ƙaninsa a sansani don kada ya gudu. Mai gatari ya gyara zama ya ce, "To Malam, tambaye shi ƙofa nawa sansanin ke da ita." Ba tausayi ne ya kama shi ba, riba ya hango, kuma hakan ya wadatar. Goblin ɗin ya zana musu hanya a ƙasa. Na riga na rubuta cewa a mashigi na biyu zai yi ƙoƙarin tserewa, ya kuma yi, domin samun dalili bai mayar da shi waliyyi ba.

Lada

In kisa kaɗai ke kawo makin ƙwarewa, wato makin da jarumi ke tarawa ya hau daraja, kisa za a yi ta yi, komai ka faɗa. A tsofaffin dokoki mafi yawan maki daga dukiyar da aka fito da ita suke zuwa, kowane tsabar zinariya maki ɗaya, shi ya sa masu wayo ke lallaɓawa su kauce wa faɗa. Ni cikakken maki nake bayarwa in an kawar da matsala ta kowace hanya, da takobi ko da baki ko da cinyar rago. Wani lokaci ma ba na lissafi, in an kai wani mataki a labari kowa ya hau daraja ɗaya.

In wani ya ce shi ork yake so ya zama, bar shi, amma ku zauna ku amsa abu uku: daga wane gida cikin ukun ya fito, wa ya bari a can, kuma me masu tsaron ƙofar birni za su yi in sun gan shi. A nawa wasan suna karɓe makaminsa su ba shi ɗan katako mai hatimi, ya dawo da shi kafin magariba ya karɓi kayansa. Masu gishiri a kasuwa kuwa har rangwame suke yi masa a ɓoye, don sun fi kowa sanin wanda ya fara karya alkawari.